Ekuter Uku da Kaset ɗin Sabha

Litinin, 8 ga Afrilu, 1985

Aghali direba ya iso Tanut da hantsi daga Agadas, kamyonsa, babbar motar kaya, cike da mutane har saman kaya. Ya kawo mini kaset bakwai daga Sabha, na yaranmu da ke aiki a Libiya. Sana'ar ke nan da ta rage mini: su yi magana a kaset su aiko, iyayensu da ba su da manyeto, na'urar sauraron kaset, su zo rumfata a bakin tasha in saka musu su ji. Gyaran rediyo kam ya mutu, wa ke da kuɗin pil, wato batir, a wannan shekara ta yunwa.

Shida na mutane ne. Na bakwai nawa ne. An rubuta "Barmo mai rediyo" a bayansa, amma ba hannun Musa ba ne.

Ga shi na rubuta sunan. A takarda kaɗai nake iyawa. Ɗanmu na fari ne, shekara ashirin da huɗu ni da uwarsa Tabawa ba mu taɓa kama sunansa da baki ba. "Wancan" muke cewa, tun da ya tafi kuma "mutumin arewa".

Na cusa farin ekuter, ɗan abin sauraron nan, a kunne na danna. Shi yaron in zai fara magana sai ya ƙwanƙwasa manyeto sau uku da farce, ni na koya masa, don a san na'ura tana ɗauka. Yau babu ƙwanƙwasa. Muryar Gajere ce, abokinsa ɗan Falanko da suka tafi tare. Sallama, sai gaisuwa. Na kashe.

Farin ekuter ɗin nan ba shi da kirki, ba zan saurari saƙo da shi ba. Ban gaya wa Tabawa ba.

Talata, 9 ga Afrilu

Bari in rubuta batun ekuter ɗin nan, tun da dai dole in tsai da guda.

Da a lasifika nake saka wa mutane. Bara wani yaro ya aiko wa ubansa maganar cikin gida, duk tasha ta ji, har ƴan dako suna kwaikwayon tsohon. Tun ranar na ce kowa da kunnensa. Na yi alfahari da wannan dabara, ba ƙarya. Duk Damargu babu mai ita sai ni.

Yanzu uku gare ni.

Fari: shi ya zo cikin kwalin wata rediyo. Ba nauyi, ba ya ciwo, amma murya kamar daga cikin gwangwanin tumatir. Tsofaffi suna ta "me ya ce?"

Baƙi: na saye shi wajen wani ɗan Kano, dala ɗari da ashirin, ya cuce ni. Ƙara kam akwai, amma kauri ya yi yawa, ko mace ce ke magana sai ka ce ƙato. Kansa ƙarfe ne, minti biyar kunne ya ɗau zafi.

Mai ruwan toka: Aghali ya kawo jiya. Bakinsa roba ce mai laushi, in ya shiga kunne sai hayaniyar tasha ta ɗauke. Tafiyar da ta wuce jika guda ya ce kuɗinsa, dala ɗari biyu ke nan, ko dala ba ya ragewa. Jiya ya aje mini a kan tebur ya ce, "Riƙe, Malam Barmo." Aghalin da ko shayi ba ya zuba wa mutum sai da dalili.

Na tambaye shi ko ya ga yaron. Ya ce shi a Agadas aka miƙa masa kaset, hannu zuwa hannu. Yana faɗa yana duban tayar mota.

Laraba, 10 ga Afrilu

Na gwada baƙin da kaset ɗina. Iyakar gaisuwa, na kashe. Gwajin ekuter nake, ba wani abu ba.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Tabawa ta kawo mini kunun jar dawar taimako da rana. Ta rame, zanenta har ninki biyu take masa. Ta tsaya tana gyara murfin ƙwarya ba dalili. Can ta ce, "Malam, na ji an ce mota ta zo daga arewa."

Na ce motoci na zuwa kullum.

Ba za ta ƙara ba, na sani. Kunya ba za ta bar ta ta ce ina labarin ɗana ba. Da wannan kunyar tata nake ɓuya, Allah na gani. Kaset ɗin yana aljihun rigata, yana taɓa ƙirjina, tana tsaye taku biyu.

Juma'a, 12 ga Afrilu

Bayan masallaci na gwada mai ruwan tokar. Gaskiya abin kirki ne, wanda ya ƙera shi ya san aikinsa. Da farin ekuter magana kawai nake ji. Da baƙi ƙugi. Da wannan har numfashin Gajere, har haɗiyar yawunsa. Bayansa akwai mutane zaune, huɗu ko biyar, wani ya gyara zama a tabarma, wani yana jan tasbaha ƙas-ƙas. Ba mai dariya. Kaset ɗin yaran nan kullum da dariya a baya, wani na ihun a gaida masa budurwa.

"Baba Barmo, ina gaishe ka. Ina gaida Inna Tabawa. Ina gaida Malam Mato maƙwabci." Yana bi ɗaya ɗaya, har akuyar da muka sayar tun kaka ya tambaya. Gajeren da ban taɓa jin ya gama sallama ba tare da tsokana ba. Sai ya ce, "Bayan haka, Baba..."

Na kashe. Pil ya yi sanyi, ina jin zaren yana ja.

Asabar, 13 ga Afrilu

Pil lafiyarsa lau.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Yau abin da ya faru ba na son rubutawa, amma in ban rubuta ba zai tsaya mini a wuya.

Raishatu ta zo karɓar nata. Tsohuwa ce daga wajen Tenhiya, dabbobinsu sun ƙare tas, suna cikin masu zaman bukkokin tsumma a bayan gari. Ɗanta Rissa shi ma yana Sabha. Ita kaɗai ta zo. Na ce, "Inna, yau za ki ji ɗanki kamar yana gabanki," na ba ta mai ruwan tokar, ina wani taƙama. Na goge shi da gefen riga, na nuna mata yadda ake sakawa ƙarƙashin mayafi. Na juya ina kwance wata rediyo, don ƙa'idata ce ba na kallon mai saurare.

Har kaset ya kai ƙarshe ya yi ƙas. Ta cire, ta naɗe wayar da kyau kamar yadda ta ga ina yi, ta miƙo. Na ce, "Ya fita sosai?" Ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Ya fita. Duka ya fita."

Ta tafi. Ba ta kai rumfar mai nama ba ta zauna a ƙasa, tsakiyar rana, kan yashi mai zafi. Mutane suna ratsa ta, an ɗauka yunwa ce, yanzu wa ke tsayawa don wani ya zauna. Sai da la'asar wata ƴar'uwarta ta zo nema. A nan aka ji. Rissa ya rasu tun watan jiya.

Awa uku tana zaune da mutuwar ɗanta ita kaɗai, taku ashirin daga rumfata, ina ɗaure sukurori.

Litinin, 15 ga Afrilu

Malam Mato ya same ni. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya yi. Ya ce, "Barmo, tun kakanninmu ba a ba mutum labarin mutuwa a tsaye, ba a ba shi shi kaɗai. A zaunar da shi, a sa mutane dama da hagu, sannan a faɗa. Kai ka samo abin da ke zuba wa mutum ita cikin kunne, ba wanda ya sani balle ya riƙe shi."

Na ce ni sirrin mutane nake tsarewa. Na ce da ba don ni ba da wa zai ji muryar ɗansa a garin nan. Na faɗi maganganu, har na ce masa shi bai san komai a kan na'ura ba. Ya ce haka ne, bai sani ba. Ya tafi.

Na ji haushinsa ƙwarai. Har yanzu ina ji.

Talata, 16 ga Afrilu

Rissa da Musa gida ɗaya suke kwana a Sabha. Wannan na sani tun bara.

Laraba, 17 ga Afrilu

Na jera su uku a kan tebur. In don araha ne, fari. In don kurma ne, baƙi. In don a ji gaskiyar murya ne, mai ruwan toka, babu gardama, ya ci kuɗinsa jika guda har da ƙari. To na gama gwaji. Ba sauran abin gwadawa.

Na sa shi a kunne, yatsana a kan maɓalli. Na ce in ji ni kaɗai tukuna, in san yadda zan gaya mata. Sai na tuna yadda Raishatu ta naɗe wayar nan. Ni ma haka zan yi, na san kaina. In naɗe, in rufe rumfa, in je gida in ci tuwo, in ce motoci na zuwa kullum. Zan iya yin wata guda a haka. Zan iya shekara.

Tsoro nake ji. Kwana tara ke nan, ba ekuter ba ne.

Tabawa ta daina tambayar mota. Yau da na shiga ta kalli aljihuna, ba fuskata ba.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Da safe na je gidan Malam Mato. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba. Na ce ina son ya zo gidana bayan azahar, ya zo da matarsa Salamatu, a kira Hadiza ƙanwar Tabawa. Ya dube ni, ya ce to.

Na ɗauko manyeto daga rumfa na kawo gida a kafaɗa. Ekuter na bar su can.

Aka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki. Salamatu ta zauna dama da Tabawa, Hadiza hagu. Tabawa ba ta tambayi dalili ba, ta dai gyara ɗankwali. Na ce saƙo ne daga arewa, ya kwana goma a wurina, ban ji ƙarshensa ba. Ta ce, "Na sani, Malam."

Na danna. A lasifika ba a jin tasbahar, ba a jin numfashin, magana ce kawai. Gaisuwar nan da na haddace. "Bayan haka, Baba..." Hannuna ya tafi wajen maɓalli da kansa, Malam Mato ya riƙe shi.

Ramin gini ne ya rufta da su, yaron da Rissa, ranar Talata da safe. An tono su kafin azahar. An yi musu wanka da salla, mutum sama da arba'in, duk ƴan ƙasarmu. Gajere ya ce yaron bai sha wuya ba. Ya ce agogon yaron da bargonsa suna wurinsa.

Malam Mato ya yi salati, matan suka kama. Tabawa ba ta yi kuka nan da nan ba. Ta dubi manyeton ta ce, "Musa." A fili, gaban kowa. Ta sake cewa, "Musa." Ban taɓa jin sunan a bakinta ba, ashe haka take faɗinsa, da ɗan jan ƙarshe.

Sannan ta kife, Hadiza da Salamatu suka tare ta. Ni ma wani ya riƙe ni, ban san ko wa ba.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Mutane. Raishatu ma ta zo, ta zauna kusa da Tabawa, ba su da yaren kirki tsakaninsu. Sun wuni.

Alhamis, 25 ga Afrilu

An yi sadakar bakwai, abin da ya samu. Ƙosai babu, dabino kaɗan Aghali ya aiko.

Asabar, 27 ga Afrilu

Na buɗe rumfa. Ba don komai ba, zaman gida ya ishe ni, kuma akwai kaset biyu da masu su ba su zo ba.

Wani dattijo daga Olelewa ya zo karɓar nasa. Ya ce an ba shi labarin abin kunnen nan mai fitar da murya tar, shi yake so. Na ce sun lalace, duka ukun. Suna cikin gwangwanin sukurori ƙarƙashin tebur, ba abin da ya same su. Zafi ne ya yi yawa, roba tana narkewa a kunne, don haka na aje su. In an yi ruwa ƙila in fito da su.

Na duba bayan kaset ɗinsa. Na ce, "Baba, hannun ɗanka ne wannan?" Ya ce shi bai iya karatu ba.

Na ce, "Wa ya rako ka?" Ya ce ba kowa.

Na jawo masa benci cikin inuwa, na ba shi ruwa. Na ce ya ɗan jira, pil ɗin yana buƙatar hutawa. Na leƙa na kira Malam Mato.