Kujerar Bakin Taga

Yaya Sundus,

Assalamu alaikum. Yaya ƙafar Umma, da mutanen Aƙiƙ? Na iso Kuwait lafiya, Khala Lauratu ta karɓe ni hannu biyu.

Jirgin ba laifi, sai matsi. Kujerar bakin tagar da kika zaɓa mini don in yi wa Haramin Madina bankwana daga sama, wani mutum na tarar a kai. Na nuna masa tikitina, ya ce, "Kullu wahid, ya binti," wai duk ɗaya ne. Kin san nauyin bakina. Na zauna a tsakiya, shi kuwa ya tare tagar da kansa, ya yi barcinsa.

Idan Umma ta tambaya, ki ce na ga Madina.

Allah ya sada mu.

Ƙanwarki,
Hibatullah