Rewi Yana Kan Hanyar Newman Shi Kaɗai

Wani gidan mai a kan hanyar Newman,
Yammacin Ostareliya.
Talata, ƙarfe uku da kwata na rana.

Zuwa ga Yaya Ripeka,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk mutanen gida can Ruatoria. Yaya ƙafar Kawu Paora? Allah ya ƙara masa sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Mu nan jiki lafiya lau. 'Yarmu Mihi ta koma aikinta na asibiti, ɗanta Nikau ya yi haƙora huɗu, kuma duk wanda ya gan shi sai ya ce goshin gidanku ya kwaso. Ki yi haƙuri da rubutun. Matar da ke sayar da abinci a nan ce ta ba ni takarda da biro, in na gama zan ɗauki hoton shafukan in turo miki ta waya. Na so in faɗa miki da baki, amma na san kaina, da na ji muryarki kuka zan fashe da shi, ba za ki tsinci komai a maganata ba.

Maganar ƙanenki ce, maigidana Rewi. Kin san yadda muke aiki shekara goma sha ɗaya ke nan. Mota ɗaya, direba biyu, tirela uku a bayanmu, daga Perth zuwa Port Hedland mu dawo. In na yi awa biyar a sitiyari sai ya karɓa, ni in shiga gadon da ke bayan kujeru in ja labule in kwanta. Mutane suna tambayata yadda nake iya barci mota tana gudu da kaya tan ɗari da wani abu. Nakan ce musu ai Rewi ne a gaba. Ban taɓa samun barci mai daɗi a gidanmu kamar na wannan gadon ba. Yau mako uku ke nan rabon da in yi barcin kirki a cikinsa.

Abin ya samo asali ne bara, lokacin da aka yi masa aiki a gwiwa ya zauna gida wata uku. Kin san halinsa, zama yana cinsa. Wani abokinsa ya nuna masa caca a kwamfuta, wadda ake kira rulet. Faifai ne mai juyawa, an tsaga shi gida-gida daga sifili zuwa talatin da shida, rabi ja rabi baƙi, sifilin kuma kore. Sai a jefa ɗan farin ƙwallo ya yi ta zagaye har ya faɗa gida ɗaya. Kafin a jefa ne mutum yake ɗora kuɗinsa. Yana iya cewa ja ko baƙi, ko cika ko mara, ko dozin na farko ko na tsakiya ko na ƙarshe. Yana iya zaɓen lamba guda, ko ya ɗora a kan layin da ya raba lambobi biyu don ya kama su duka, ko ya ɗauki lamba da maƙwabtanta biyu ta dama biyu ta hagu. Ba zan ɓoye miki ba, Yaya, har da ni aka yi. Nakan kawo masa shayi in zauna a hannun kujera muna dariya, ni ce ma na ce ya riƙe ashirin da uku, ranar haihuwar jikanmu. Dala ɗaya yake ɗorawa, in ya yi ƙoƙari biyu. Har yau kuɗin bai taɓa damuna ba, abin da yake kashewa a mako bai kai abin da wasu suke ba giya ba.

Daga baya ya koma wani iri mai ƙwallo biyu, wanda ba ya jira. Sakan goma sha biyar ake ba ka ka ɗora, a rufe, faifai ya juya, a sake buɗewa, haka dai ba tsayawa. A wannan irin, in ka ce ja sai ƙwallayen biyu sun faɗa ja kafin ka ci. In kuwa ka zaɓi lamba guda su biyun suka faɗa cikinta tare, dalarka ɗaya ta zama dubu da 'yan kai. Sau ɗaya ya ga su biyun sun faɗa ashirin da uku daidai lokacin da ya tashi shiga banɗaki bai ɗora ba. Ya yi kwana biyu yana maimaita zancen. Tun daga ranar ya ƙi jinin juyi ya wuce shi. Da gwiwa ta warke muka koma hanya, ya sa aka ɗaura mana ɗan faranti a kan rufin mota mai jawo intanet ko a tsakiyar daji. Ya ce don mu riƙa ganin Nikau ne. Na ji daɗi har na gode masa. Motar tamu ce, ba ta kamfani ba, saboda haka babu kyamarar da ke kallon idon direba.

Mako uku da suka wuce ƙishirwa ta tashe ni kusa da Cue, na ɗaga labule zan miƙa hannu in ɗauki gora. Sai ga wayarsa a maƙale gefen sitiyari, faifai yana juyawa, ya kashe sautin, babban yatsansa a kai. Allurar gudu tana kan ɗari. Na kira sunansa da wata murya da ni kaina ban san ina da ita ba. Ko gezau bai yi ba, dariya ma ya yi, ya ce, “Haba tsohuwa, za ki kashe ni da tsoro. Ja da baƙi ne kawai, gidansu ƙato ne, ko makaho ya danna.” Na ce masa makaho ba ya jan tirela uku. Ya ce shekara talatin yana tuƙi ko ƙadangare bai taɓa takawa ba, hanyar nan kuma miƙe take ɗoɗar, abin nan ma shi yake hana shi gyangyaɗi. Da ya ga hawayena sai ya sauko, ya rantse da kabarin Inna ba zai ƙara ba, ya jefa wayar a aljihun ƙofa.

Na so in yarda da shi. Amma tun ranar in na kwanta sai in bar labule a ɗan buɗe ina leƙe. A tafiya ta biyu na gan shi ya zaro ta a hankali kamar yaro mai satar nama a tukunya. Zancen ja da baƙi kuwa ƙarya ce. Ashirin da uku yake bi, ita da maƙwabtanta, da layin da ke tsakaninta da ashirin da huɗu. Gidajen nan a fuskar waya ba su kai ƙwayar wake ba, yatsan Rewi kuma kin san shi. Sai ya sunkuya ya duba, ya danna ba daidai ba, ya goge, ya sake, yana sauri kada a rufe. Na ƙirga a zuciyata, na kai tara idonsa bai koma kan kwalta ba. A gudun da muke yi, sakan tara ya isa mota ta cinye filin ƙwallo biyu da rabi ba mai kallon gabanta. Ban yi magana ba a lokacin, don ina tsoron in firgita shi ya fizgi sitiyari. Da muka tsaya na yi, muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba, ya sake rantsuwa. Ni kuma na zama direbar da ba ta barci. Ran Juma'ar da ta wuce na farka na tarar ina tuƙi, ban san inda kilomita goma suka shige ba. Ashe mu biyun duka mun zama abin tsoro a hanya.

Yau da asuba muka tashi daga Wubin da lodin bututu. Na kawo mu Meekatharra, ya karɓa wajen sha ɗaya da rabi. Gajiya ta kayar da ni, barci ya sace ni ban shirya ba. Ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya ce ta tashe ni, da wani hon mai tsawo. Kafin in gama ɗaga labule aka buga ni da bango. Mun tsallake farin layi gaba ɗaya, muna hannun masu zuwa. Wata mota mai jan ɗakin kwana, irin ta tsofaffin da suka ajiye aiki suke yawo, ta sauka daga kwalta ta faɗa jar ƙasa don ta kauce mana. Na ga fuskar matar, Yaya. Farin gashi gare ta, ta dafe gilashi da hannu biyu, bakinta a buɗe. Rewi ya dawo da kan mota, amma a madubi na ga tirela ta uku tana lilo, ta share wurin da suke sakan ɗaya kafin nan. Allah ne kaɗai ya tsare, ba su kife ba, na hango su sun tsaya cikin ƙura. Direban da ke bayanmu ya hau oba-oba yana zagi, yana cewa, “Kai mai jar mota, barci kake yi ko buguwa ka yi? Wutsiyarka ta kusa kwashe bayin Allah! In ka gaji da duniya ka tafi kai kaɗai!” Rewi ya kashe na'urar. Wayar tana ƙasa kusa da birki, faifan bai daina juyawa ba.

Haka muka iso gidan man nan. Da ya tsaya na miƙa hannu na ce ya ba ni wayar in riƙe har Port Hedland, shi ke nan abin da na roƙa. Fuskarsa ta yi fari, amma sai ya ce iska ce ta buge mu. Na ce, “Baban Mihi, dubi idona ka sake faɗa.” Ya kau da kai ya ce shi ba yaro ba ne da za a ƙwace wa waya, in na mai da shi ɗan caca a idon duniya to na ji daɗi. Na ce masa ba zan ƙara kwanciya a bayansa ba muddin abin nan yana cikin mota, ya zaɓa. Na ɗauki jakata na sauka. Wallahi na ɗauka zai biyo ni. Na shiga na zauna inda zai gan ni ta taga, na sayi shayi biyu. Ya yi minti goma a zaune, sannan na ji ya saki birki. Sai da tirela ta uku ta hau kwalta na tuna makulli. Yana jikin mota, hannuna ya wuce ta kusa da shi lokacin da nake ɗaukar jaka, ban zare ba. Wannan wautar tawa ita take cina yanzu.

Na fita na tsaya a rana ina kallo har ya ɓace. Motoci uku suka wuce ni daga can ɓangaren, ɗaya da yara a baya suna cin wani abu. Sai na ga a'a, ba zan zuba ido ba, dā akwai ni a bayansa yana ɗan jin nauyina, yanzu ba kowa, ga shi ransa a ɓace, kuma na san inda hannunsa yake zuwa in ransa ya ɓaci. Na koma ciki na kira 'yan sandan Newman. Na ba su lambar motarmu, na faɗi launinta da lodinta, na ce direban yana caca a waya yana tuƙi, ya kusa kashe mutum biyu ɗazu. Matar da ta amsa ta tambaye ni yadda aka yi na sani. Na ce mijina ne. Ta ce za su tura mota ta tare shi, amma motarsu ɗaya ce a kusa, kuma tana wani wurin.

Ban san abin da zai biyo baya ba. Wataƙila tara ce, wataƙila lasisinsa, in tsofaffin nan ma sun kai ƙara abin zai fi haka. Mutumin da bai san komai ba sai sitiyari tun yana ɗan ashirin. Wataƙila ba zai ƙara kallon fuskata ba, kuma in kin ji haushina ke ma ba zan ga laifinki ba, ƙanenki ne, ke kika goya shi bayan rasuwar Inna. Amma duk wannan mai sauƙi ne a wurina yanzu. Kilomita ɗari da sittin ne daga nan zuwa Newman, akwai shanu a hanyar, akwai gada mai ƙunci. Duk motar da ta shigo daga arewa sai in miƙe in dubi fuskar direban ko ya ga wani abu. Mai abincin ta ce in zauna in sha shayin, ta ce ta ga mata da yawa sun sauka a nan da jaka, yawancinsu an dawo an ɗauke su. Ban iya gaya mata ba dawowarsa nake roƙo ba, tsayawarsa nake roƙo.

Abin da nake nema a wurinki shi ne ki yi masa magana. Ke kaɗai ce in kin ɗaga murya yake sunkuyar da kai. Akwai masu taimakon irin wannan a Perth, na san inda suke, amma ba zai je da bakina ba. In da hali ki zo ko na mako biyu ne, Mihi za ta shirya miki jirgi. Ita ban gaya mata ba tukuna, ban san ta inda zan fara ba.

Ki gaishe mini da Kawu Paora, da Gwaggo Keriana, da maigidanki Hoani, da Ani da yaranta. Ki ce su sa mu a addu'a, ba sai kin faɗa musu dalili ba.

Na san ki, Yaya, kina gama karantawa za ki neme shi. Don Allah kada ki kira shi, kada ki tura masa ko kalma ɗaya. Yanzu ƙarfe huɗu da minti biyar, yana kan hanya, wayar tana gefen sitiyari, kuma in ya ga sunanki zai duba. Ki jira sai na gaya miki motar ta tsaya.

Taki ƙanwa,
Huia