Gurbin Shafi na Talatin da Ɗaya

Malang, Talata 13 ga Mayu 2025, ƙarfe 10:40 na safe
Daga ɗakin Yaya Danang, ana yayyafi

Yaya Wisnu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali da ma'aikatan maɗaba'a. Mama tana gaishe ka.

Na karanta duk abin da mutane suka rubuta a kan littafin Yaya Danang, Tsibirin Gishiri, kamar yadda ka ce. Yawancinsu sun yaba taswirar da dodannin teku. Sun ce littafin ya ƙara wa wasansu sabuwar ƙasa, suna zama a tebur da abokai, suna jefa ƙwayar wasa mai lambobi, suna yawo a cikinta da baki. Ƙorafin ɗaya ne, shafi na 31. Kowa a littafin yana da lambar rai da ta ƙarfi, ban da yarinyar da ke ƙirga kwale-kwale a tashar ruwa. Gurbinta fari fat. Wani ya rubuta, "Barci marubucin ya yi ne?"

Na duba rubutun hannun Yaya Danang. Gurbin a buɗe yake tun can, ba ni na tsallake shi ba sa'ad da nake kwafewa bayan rasuwarsa. Ni ban taɓa buga wasan ba, lissafi na karanta. Ka ce bugu na biyu zai hau inji ƙarshen wata. In cike gurbin, ko in bari?

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Laras

Surabaya, 16 ga Mayu

Laras 'yar lissafi,

Wa alaikumus salam. Muna nan ƙalau, zafi ne kawai ya ishe mu. Ki gaida Mama.

Rabin masu surutun nan ko sayen littafin ba su yi ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, masu shaguna sun fara kira na, wai an sayar musu da abu bai cika ba. In da ni ne, in sa mata ko nawa ne mu huta.

Sai dai ki san wani abu. Na daɗe ina wasa a teburin yayanki, kuma duk abin da aka ba lamba, 'yan wasa sai sun gwada kashe shi. Mun taɓa kashe masa wani tsoho mai sayar da shayi don kawai mun hango yana da rai shida. Ya yi kwanaki ba ya amsa mana waya. Yarinyar nan kuwa, haba, ga tabarau, ga gyara wa mutane ƙidaya, ga ƙin barkono. Wa kike zaton ya zana? Ko da gangan ya bari, ko asibiti ce ta riga shi, ban sani ba.

Ana buga wasan littafin duk Asabar a shagon kofin da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Ki je ki gani da idonki. Ki daina zama a ɗakin nan.

Naki, Wisnu

Malang, Lahadi 25 ga Mayu

Yaya Wisnu,

Sallama da gaisuwa. Na je jiya bayan la'asar. Na zauna a teburin gefe, ban faɗi ko ni wace ce ba.

Su biyar ne. Wata mai suna Sekar ce ke ba da labarin. Da suka iso tashar ruwa, wani mai ƙaton ciki ya ce, "Yarinyar nan makullin sito na wuyanta. Ranta nawa?"

Sekar ta juya shafin ta ce, "Ba a rubuta ba."

"To ƙirƙiro mana, uwar ɗaki, ba ke ce mai duniyar ba?"

"Huɗu," in ji ta.

"Huɗu! Ko atishawa na yi ta tafi."

Na kusa da shi ya ce, "Kai dai ba ka da imani, Gendut. Yarinya ce fa."

Gendut ya jefa ƙwayar. Goma sha bakwai ta fito, ta zarce ran yarinyar. Suka kwashe da dariya, ya ɗauki makullin.

Sekar ba ta yi dariya ba. Can gaba jirginsu ya maƙale a kan duwatsu, suka ce a turo musu ceto daga gari. Ta ce, "Wa zai turo? Mai lura da jirgin da bai dawo ba ai ita kuka kashe." Gendut ya ce a maimaita jifar. Ta ce a teburinta ba a maimaitawa.

Na yi tsammanin zan ji wani abu. Ban ji ba. Na cinye taliyar da aka kawo mini, sai a ƙarshe na lura cike take da barkono. A hanyar gida na lissafa: bisa tsarin littafin, huɗu daidai ne ga mai irin jikinta.

Ka huta lafiya.
Laras

Surabaya, 27 ga Mayu

Ƙanwata,

Sannu. Da na san haka za ta kasance da ban tura ki ba. Inji zai tashi ranar Juma'a. Abin da kika ce shi za a yi, masu shaguna ki bar ni da su.

Wisnu

Malang, Laraba 28 ga Mayu

Yaya Wisnu,

Ina gaisuwa. A bar gurbin yadda yake. Kada a ƙara bayani a ƙasansa. Wanda yake son kashe ta, ya sa lambar da hannunsa.

Ga abin da har yanzu ban sani ba:

1. Ko Yaya ya bari ne, ko bai kai ba.
2. Ko ya san ni ce zan kwafe shafin.
3. Dalilin da ya sa kuka bai zo mini ba, tun ranar jana'iza.
4. Da an matsa masa, nawa zai ba ni.

Allah ya jiƙansa. Ka huta lafiya.
Laras