Inda Muka Bar Sidsel

Kwarin Tafkin Gishiri, Disamba 1856

Zuwa ga mahaifiyata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar Baba, ya fara takawa? Ki gaishe mini da ƙanena Anders, ko da har yanzu yana fushi da shigarmu addinin Mormon.

Mun iso, Inna. 'Yan'uwa masu bi sun ba mu ɗaki da murhu, burodi ma ba ya yankewa. Sanyi ya cinye wa maigidana Laurits yatsun ƙafa biyu, amma yana dogara sanda. Kada ki damu da mu.

Shi cewa ya yi, "Dorthe, rubuta mata mun sauka lafiya kawai, sauran sai bazara." Na ce, "Matar da ta haife ni zan ɓoye wa?"

Dusar ƙanƙara ta riske mu a cikin duwatsu muna jan amalanke da hannu, garin alkama kuma ya ƙare. Jikarki Sidsel ta yi ta tafiya da ƙafarta, ko kuka ba ta yi. Wata safiya ta ce, "Mama, in mun isa, Kaka tana can?" Na ce mata eh. Na ɗora ta bisa kaya. Da rana ta take, na taɓa ta na ji ta sandare, rai ya yi halinsa. Ƙasa ta daskare, ba ta haƙuwa, sai duwatsu muka jera mata.

Ranar da za mu shiga jirgin ruwa kin roƙe ni in bar miki ita, na ƙi. Ban bar imanina ba, amma duk sanda na durƙusa addu'a fuskarki nake gani. Ki rubuto mini, Inna, ko zagi ne.

'Yarki,
Dorthe