Taken Mijin Yayata Na Sa A Wasanmu Ban Sani Ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya mini a rai kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Ni tsohon malamin firamare ne a Talata Mafara, na yi ritaya, matata ta rasu, yara duk sun watse neman abinci, sai in wuni ban yi magana da kowa ba in ban da gaisuwar masallaci. Bara wasu matasa masu ƙungiyar wasan kwaikwayo suka zo wai in ba su labarin ƙauyenmu da ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye ina yaro, daga ba da labari sai ga ni na zama darakta, muna shirya wasa mai rawa da waƙa, za mu nuna bayan Sallah. Wallahi tun da aka fara rihazal, wato gwajin wasan, gidana ya dawo gida, har kwanonin shayi na ƙaro.

Babbar rawar wasan ta gayyar noma ce, samari da galma suna tafiya a jere. Ni na koya wa makaɗinmu kiɗan, wanda nake ji a kunnena tun ina bin manya gona, a zatona kiɗan gari ne na kowa da kowa. Wata uku muna gina rawar a kansa, kowane taku da shi aka auna.

To ina da yaya mace a Maradun, ita kaɗai ta rage mini a ɗakinmu, ita kaɗai ce har yau take kirana Auta duk da furfurata. Ta zo asibiti ta sauka wurina, da la'asar na ja ta filin makaranta inda muke gwada rawar don in yi mata burga. Ana fara kiɗan sai na ga ta dafa bango. Ta ce, "Auta, wanga kiɗi ba na gari na ba, taken mijina na. Tun da anka rufe shi ba a ƙara buga shi ba."

Ashe a gangar noma kowane gwanin manomi da takensa, in ya rasu bai bar ɗa namiji da zai gaje shi ba, makaɗa su ajiye taken ke nan. Mijinta ya rasu a shekarun da ake ta rigimar gonakin da aikin dam ɗin ya ci, suna da ƙuruciya, ba su haihu ba. Ni a lokacin ban san komai ba sai bin ganga.

A gida ta yi mini faɗan da rabona da irinsa tun ina yaro, ta ce na tono mata kabari don yara su yi tsalle mutane su tafa, in har aka buga shi a bainar jama'a ƙafarta ta bar gidana. Ni ma da baƙar zuciyata na ce ai gara a tuna da shi da a bar shi a ƙarƙashin ruwa, na yi nadamar wannan magana. Matasan kuma sun ce in an canza kiɗa yanzu wasa ya rushe, ina tsoron su daina zuwa in koma zaman ni kaɗai.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, da na raka ta tasha ko kallona ba ta yi, sai da mota za ta tashi ta leƙo ta taga ta ce, "Kuma ka gaya ma makaɗin naku, ƙarshen ba haka ya ke ba, bugu biyu na." Ta ƙwanƙwasa a jikin ƙofar motar sau biyu, hawaye na zuba, mota ta ja.

Jama'a, wadda ta hana ni kiɗan ita ce ta gyara mini shi. In cire, ko in je Maradun in roƙe ta ta zo ta zauna a sahun gaba?