Kalmar Sirrin Baba

Baba,

"Kar ki taɓa mini kwamfuta," ka ce. Na taɓa, ka yi haƙuri! Aikin makaranta zan buga, ta kafe wai sai an sabunta manhajarta, kuma sai da kalmar sirrin mai ita. Kana barci. Na sa sunana, ta ƙi. Na sa na karenmu, ta ƙi. Sai ta nuno tunin da ka rubuta wa kanka: "ta tsallaken titi."

Baba! Ina rubuta Lorraine ta buɗe!

Ashe shi ya sa kullum kake kwashe mata dusar ƙanƙara, wai motsa jiki kake? Littattafan soyayya nawa na karanta, ga soyayya a gidanmu ban gani ba! Shekara shida bayan rasuwar Mama. Wallahi har ƙwalla na yi.

Kar ka kashe kwamfutar, ba ta gama sabuntawa ba, za ta sake kunna kanta.

Bas zai wuce ni. Na riga na ƙwanƙwasa wa Lorraine ƙofa, na ce ranar Lahadi a gidanmu za ta ci abinci. Ta ce to, tana murmushi. Goge shuɗiyar rigar nan.

'Yarka,
Noelle