Akwatin Kayan Gyaran Famfo

Litinin, 3 ga Maris

Famfonmu ya mutu. Tun safe mata ke tuƙa shi, sai ƙara yake kamar tsoho mai tari, ko ɗigo babu. Duk wadda ta zo sai ta dube ni, tunda ni ce ƙungiyar agajin da ta haƙa mana shi ta tura koyon gyara bara, ni ce kuma mace ɗaya tilo a kwamitin ruwa. Wata ta ce, "To injiniya, ga ranarki." Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Alhamis, 6 ga Maris

Na je wurin shugaban kwamiti karɓar akwatin kayan gyara. Ya ce yana hannun ɗan wansa, shi kuma ya tafi cin rani. Na ce ai da sunana aka bayar. Ya ce, "Malama, da sunanki aka bayar, amma na al'umma ne." Wai ƙarfe ba wasan mata ba ne, in na ji ciwo shi za a tambaya.

Na yi masa godiya. Godiyar me, oho.

Asabar, 15 ga Maris

An koma rafi. 'Yata ta biyu ba ta leƙa makaranta ba duk makon nan. Kafin ta dawo da jarka an kusa tashi. Yayanta kuwa ya yi wanka da ruwan da ta ɗebo jiya ya tafi abinsa. Ni na zuba masa a bokiti, ba wani ba.

Talata, 18 ga Maris

Taron kwamiti. Na ɗaga hannu har kafaɗata ta gaji. An yi maganar fentin allon sanarwa, an yi maganar wa zai tarbi baƙin ƙungiya. Da aka zo kan famfo, shugaba ya ce a jira ɗan wansa. Sakatare ya ce, "Uwar ruwa, kina da abin cewa?" Na fara ke nan wayar wani ta yi ƙara, aka shafa fatiha.

Baban yara ya ce in bar su da halinsu, kada a ce matarsa mai baki ce. Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ma da faɗa ne, da na sami abin da zan mayar.

Laraba, 26 ga Maris

Baƙi sun zo. Aka tsayar da ni gaban famfo, aka ba ni sifanar aro na riƙe, aka ɗauki hoto. Wata mai tabarau ta kama hannuna ta ce irina ake so, wai da mata ake gina gobe. Na so in ce ta tuƙa famfon ta gani. Shugaba na tsaye a bayana. Suna shiga mota, mai sifana ya karɓi abinsa.

Lahadi, 30 ga Maris

Matar ƙanena ta yi ɓari. A hanyar rafi ta zame da jarka a ka. Cikin ya yi girma, mun riga mun fara ɗinka 'yan riguna. Da na shiga ɗakinta ta juya fuska bango, ta ce, "Yaya, ba laifinki ba ne." Ban tambaye ta ba fa.

Zannuwan da ta ɓata ma sai da aka je rafin aka ɗebo ruwan wanke su.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Ba abin rubutawa. Bayana ke ciwo.

Talata, 8 ga Afrilu

Na biya ta wurin bakaniken babura, ba don komai ba, hanya ce ta bi da ni. Na ce ya ara mini sifana biyu. Ya ce, "Anti, babur kika saya?" Na ce jirgin sama. Ya miƙo yana dariya.

Na kwance kan famfon. Notin sun yi tsatsa, sai da wata mai goyo ta taka mini sifanar da ƙafa. Ban kira kowa ba, amma kafin in ankara mata sun kewaye ni, muka jawo sandunan ciki ɗaya bayan ɗaya. Robar da ke can ƙasan famfon ce ta cinye, sanda ɗaya kuma ta tsage. Ba a samun su a nan, sai birni. Wato dai gobe ma rafi.

Mai shayi ya ce shugaba na nemana, ransa a ɓace. Wataƙila su cire ni daga kwamiti. Na bar sandunan jere a ƙasa, matan suka ce za su riƙa gadi kada yara su kwashe.

Sai da nake goge baƙin mai a hannuna na tuna ban gaya wa Baban yara zan fita ba. Ban kuma mayar da sifanar ba tukuna.